Kalmar da ke bayan sunan kaka: yadda za mu gane sana'o'in magabatanmu

  

A watan jiya wani ɗalibinmu na ajin Larabci ya same mu bayan sallar la'asar da wata tsohuwar takarda naɗe cikin ƙyalle, ransa a ɓace. Takardar rabon gado ce ta kakan mahaifinsa, an rubuta ta da Larabci a garin nan tun ana kiransa Fort-Lamy. Bayan sunan mamacin akwai kalma guda: al-haddad. Yaron yana neman aure, dangin yarinya kuma sun fara binciken asali. Ya ce, "Malam, in ɓoye ta ko in nuna?" Muka ce masa kada ya yi ko ɗaya tukuna, ya je ya tambayi tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidansu abin da ake kiran mutumin da Hausa. Da ya dawo sai ya ce gwaggon mahaifinsa ta ce maƙerin fari ne daga Kano, awarwaro da zobba na azurfa yake ƙerawa, hanyar Makka ce ta kawo shi.

Za mu dawo kan wannan yaro. Amma tambayarsa ta nuna mana abin da yawancinmu ke fama da shi: muna riƙe da sunayen kakanni, kowane da laƙabin sana'a a bayansa, ba mu kuwa san abin da laƙabin yake nufi a zamaninsu ba.

Mu fara da dalilin da ya sa laƙabin sana'a ya yi yawa a cikinmu. Galibin Hausawan garin nan jikokin mahajjata ne da fatake. A 1900 aka yi yaƙin Kusuri inda aka kashe Rabe, Faransawa suka kafa Fort-Lamy a wannan gaɓa ta kogin Shari. A 1903 Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawan Ingila, aka yi yaƙin Burmi, jama'a da yawa suka fuskanci gabas. Tafiyar hajji a ƙasa a wancan lokaci shekaru take ci, kuma guzurin talaka sana'ar hannunsa ce. Mutum ya sauka a nan ya yi aski ko ɗinki ko fawa, ya tara abin da zai kai shi Abeshe, can ma ya sake zama kafin ya shiga Darfur. Wasu sun isa sun dawo, wasu aure da 'ya'ya suka tsayar da su. Baƙo kuwa ba a san ubansa ba, ba a san gidansu ba, da abin da yake yi ake saninsa. Ga Audu goma a zango ɗaya, dole a ce Audu Wanzami, Audu Maigoro, Audu Marini.

Matsalar ita ce wannan laƙabi ya iso mana da harsuna uku. Akwai Hausar da tsofaffi ke faɗa da baki, akwai Larabcin da malami ko alƙali ya rubuta, akwai kuma Faransancin katin shaida da takardun haraji. Duk inda kalma ta tsallaka daga harshe zuwa harshe sai ta zubar da wani abu, wani lokaci kuma ta ɗauko abin da ba nata ba.

Dubi ƙira. Bahaushe ya raba ta biyu: maƙerin baƙi shi ne mai aikin baƙin ƙarfe, fartanya da garma da gatari da wuƙa, maƙerin fari kuma mai aikin azurfa da tagulla da kayan ado. A Larabci na farko shi ne haddad, na biyu sa'ig. Marubucin takardar ɗalibinmu ya ji an ce maƙeri, sai ya rubuta kalmar da ta fi kusa da alƙalaminsa. To amma a ƙasar nan kowa ya san Haddad ba sunan sana'a ba ne kawai. A Kanem da wajen Larabawa da Gorane suna ne na wani rukunin jama'a da al'ada ta ware, ba a cika auratayya da su ba, ko da mutum bai taɓa riƙe masaba ba. Ka ga kalma ɗaya ta Larabci ta ɗora wa Bakanen nan wani tarihi da ba nasa ba.

Aikin fata ma haka yake, yara suna haɗa shi wuri ɗaya. Majemi daban, baduku daban. Majemi shi ke karɓar ɗanyar fata ya cire gashi, ya jeme ta da bagaruwa a majema. Larabci ya ce masa dabbag. Baduku shi ke sayen jemammiyar fata ya ɗinka takalmi da jaka da kube da laya da gafaka, wato jakar da ake adana Alƙur'ani. A harkar tufafi mutum huɗu ko biyar ne ke cin abinci daga turmi guda: mata su kaɗa zare, masaƙi ya saƙa, marini ya tsoma a karofi da shuni, mabugi ya buga har ya yi ƙyalli, sannan maɗinki ya ɗinka. Wanda bai san wannan ba in ya ji an ce kakansa mabugi ne sai ya zaci mai dukan mutane ne. Mun taɓa jin wani ya fassara shi haka, har yana alfahari wai kakansa jarumi ne.

Akwai ma abin lura a nan ga mai son ya san zamani. In aka ce maɗinki, ana iya nufin mai ɗinkin hannu na manyan riguna irin aska takwas. In kuwa aka ce tela, kalmar daga Turancin Ingila ta shigo, ta zo tare da keken ɗinki, don haka mai wannan laƙabi ba zai yi nisa can baya ba. Haka direba da makanike.

Inda aka fi rikicewa shi ne kalmomin fatauci. Farke, jam'insa fatake, shi ne mai doguwar tafiya da jakuna ko takarkarai, kamar masu zuwa Gwanja ɗauko goro, ko masu ɗaukar kanwar Tafkin Chadi zuwa kasuwannin yamma. Madugu shi ne shugaban ayari, shi ke yanke ranar tashi, shi ke sasantawa da masu gari kan kuɗin fito. Jagaba kuma mai shiga gaba ya nuna hanya. Fatoma ba ya tafiya ko'ina: mai masauki ne, yana saukar da baƙi, ya adana kayansu, ya haɗa su da masu saye, ya tsaya musu lamuni, ya sami la'adarsa. Dillali yana tsakanin mai saye da mai sayarwa, kalmar ma daga dallal ta Larabci take. Ɗan koli kuma shi ne mai yawo da allura da zare da madubi da turare. Duk waɗannan, in ka duba katin Faransawa, sau da yawa kalma ɗaya za ka tarar, commerçant, ko colporteur in mai ƙaramin jari ne. Haka suka yi wa malamai: alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka, da malamin fiƙihu, da mai tsubbu, duk marabout. Saboda haka takardar Faransanci tana da amfani wajen shekara da unguwa, amma wajen sana'a ba ta kai bakin tsohuwa ba.

Gardi ma kalma ce mai fuska biyu. A tsangaya gardi babban almajiri ne da ya yi nisa a karatu. A kasuwa kuma gardi shi ne mai wasa da kura ko maciji. Kafin ka rubuta wa 'ya'yanka cewa kakansu mahaddaci ne, ka tambaya: allo yake riƙewa ko sarƙa?

Sai kalmar sarki. 'Yan'uwa, ba duk wanda aka ce wa sarki ne ya hau gadon mulki ba. Sarkin Fawa shugaban mahauta ne, Sarkin Aska na wanzamai, Sarkin Maƙera na maƙera, Sarkin Zango mai kula da baƙi da fatake. Muƙamai ne masu daraja, masu su suna yanke hukunci tsakanin 'yan sana'a, amma jikansu ba ɗan sarauta ba ne ta hanyar da matasa ke so su fahimta. Wanzami kuwa kada a rage shi zuwa mai aski kawai. Shi ke yin kaciya da ƙaho da tsagar gado da askin suna, shi ne likitan unguwa kafin asibiti ta zo.

Wani abin da ya kamata ɗalibai su riƙe shi ne, laƙabi ba koyaushe yake nuna mutum ya yi sana'ar da hannunsa ba. Malaman hadisi sun riga mu gane wannan. Ibn Salah, wanda ya rasu a shekara ta 643 bayan hijira, ya ware babi a littafinsa na ilimin hadisi kan laƙubban da zahirinsu ya saɓa wa gaskiyarsu. Misalin da aka fi sani shi ne Khalid al-Hazza', malamin Basra. Laƙabin yana nufin mai ɗinka takalma, alhali an ce shi bai yi sana'ar ba, zama kawai yake yi a wurin masu yi. Yazid al-Faƙir kuma ba talauci ya jawo masa sunan ba, ciwo ne a ƙashin bayansa. As-Sam'ani, wanda ya rasu a 562, ya rubuta babban littafi mai suna al-Ansab don warware irin waɗannan nasabobi. A ƙasar Hausa ga waliyyin Katsina, Ɗan Marina, na ƙarni na 17, wanda a littattafan Larabci ake kiransa Ibn as-Sabbag, wato ɗan marini. Shi kuwa da ilimi aka san shi. A Kano akwai unguwannin Dukawa da Soron Ɗinki da Takalmawa. Mutumin da aka ce masa na Dukawa yana iya zama malami ne da aka haifa a unguwar. To laƙabi yana iya zama sana'ar mutum, ko ta ubansa, ko sunan unguwarsu, ko sarautar sana'a, kuma sai an bincika ake rabewa.

Yanzu mu koma ga ɗalibinmu. Da ya ji cewa kakansa maƙerin azurfa ne, sai fuskarsa ta washe, ya ce alhamdu lillahi ashe ba haddad ba ne. Wannan murna ba ta yi mana daɗi ba, mun kuma faɗa masa. Da a ce maƙerin baƙi ne fa? Da a ce ma daga Haddad na Kanem ya fito, waɗanda muke sahu ɗaya da su a masallacin nan? Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Dawuda, tsira ya tabbata a gare shi, an tausasa masa ƙarfe yana ƙera sulke. Muslim ya ruwaito cewa Annabi Zakariyya masassaƙi ne. Khabbab ɗan Aratti, cikin waɗanda suka fara musulunta, maƙeri ne a Makka. Uwar muminai Zainab 'yar Jahshi tana jima da ɗinkin fata ta yi sadaka da kuɗin. Ɗan Manzon Allah, Ibrahim, a gidan maƙeri aka shayar da shi a Madina. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarci Banu Bayada su yi auratayya da Abu Hind, shi kuwa mai ƙaho ne, wato wanzami. A mazhabarmu ta Malikiyya abin da ake dubawa a dacewar aure shi ne addini da kuɓuta daga aibobin da ke ba da zaɓin raba aure. Sana'a ba ta cikin sharaɗi a mashhurin zance. Sukar nasaba kuma hadisi ya lissafa ta cikin ɗabi'un jahiliyya. An kwaɗaitar da mu sanin nasaba ne don sada zumunci da gane magada da waɗanda aure ya haramta tsakaninsu.

Mun ba shi shawara ya kai takardar ga dangin yarinya yadda take, ya haɗa da bayanin gwaggo. Ya kai. Maganar tana hannun manya, muna roƙon Allah Ya zaɓa musu abin da ya fi alheri.

Ga mai son ya fara nasa binciken, tsofaffi su ne farko, musamman mata, don su ke riƙe da laƙubba da kirarin gida. Ka rubuta kalmar yadda aka faɗe ta da Hausa, kada ka gyara, kada ka fassara. Ka tambayi kayan aikin da aka gada: uwar maƙera ce, ko zabirar wanzami, ko ma'aunin hatsi? Ka duba ƙarshen tsofaffin littattafan gidanku na rubutun hannu, domin masu kwafi sukan sa sunansu da na ubansu da garinsu a shafin ƙarshe. Mun san gidaje da yawa sun rasa takardunsu a yaƙin 1979 da 1980 lokacin da aka tsallaka Kusuri, shi ya sa ɗan abin da ya rage bai kamata a bar shi ga gara ba.

Wanda ke da takarda ta Larabci ko ta ajami da ta gagare shi karantawa, ya kawo ta makaranta ranar Alhamis bayan la'asar mu duba tare. A sa ta tsakanin kwali biyu, kada a liƙa mata salatif, kada kuma a bi tsohon rubutun da biro.