Duwatsun Kabonatait da Shaidar Asalinsu

Kabonatait dutse ne da ya samu daga narkakken dutse, amma fiye da rabinsa sinadarin kabonet ne, wato irin sinadarin da ke cikin dutsen farar ƙasa da ake yin siminti da shi. Wannan ne ya sa ya zama bare a cikin danginsa, domin galibin duwatsun da aman wuta ke haifarwa sinadarin silika ne ya fi yawa a jikinsu. An gano shi a wurare sama da 500 a duniya, da yawansu a Afirka.

An daɗe ana gardama a kan asalinsa. Wasu masana sun ɗauka farar ƙasa ce kawai da zafin narkakken dutse ya narkar ya haɗiye. Abin da ya raunana wannan ra'ayi shi ne dutsen Ol Doinyo Lengai na arewacin Tanzaniya, kusa da Tafkin Natron, wanda shi kaɗai ne a yau ke aman kabonatait. A shekarar 1960 an ga narkakken kabonet na malala a bakinsa. Zafinsa bai wuce digiri 500 zuwa 600 ba, kusan rabin na sauran duwatsu masu aman wuta. Yakan fito baƙi, ya yi fari cikin 'yan kwanaki idan ya sha danshi, saboda yawan sodiyom da ke cikinsa, ɗan uwan kanwa.

Hujja mafi ƙarfi kuwa daga aisotof ta fito. Ƙwayoyin zarra na sinadari guda sukan bambanta a nauyi, su ne ake kira aisotof: akwai kabon 12 da kabon 13, akwai oksijin 16 da oksijin 18. Waɗannan ba sa ruɓewa su koma wani abu, shi ya sa rabonsu a cikin dutse yake riƙe labarin inda ya fito. Ana auna rabon da na'ura, a kwatanta shi da wani mizani da aka yarda da shi, a faɗi bambancin a kashi cikin dubu. Farar ƙasar da ta taru a gindin teku kabon ɗinta yana kusa da sifiri, oksijin ɗinta kuma ya haura 20. Kabonatait da bai gurɓata ba kabon ɗinsa yana ƙasa da sifiri da kamar 5 zuwa 8, oksijin ɗinsa kuwa tsakanin 6 da 10. Wannan ya zo daidai da na can ƙarƙashin ɓawon ƙasa, sashen da ake kira mantil.

Sai dai karanta wannan shaida na buƙatar taka-tsantsan. Ruwan da ya ratsa dutsen bayan ya sandare yakan ɗaga oksijin 18, kuma kabon da ya nutse daga gindin teku zuwa mantil yakan dawo da kabon 13 mai yawa. Wanda ya auna ruɓaɓɓen dutse daga saman ƙasa ya yanke hukunci da shi ya yi garaje.

Wannan bincike yana da amfani ga masu haƙar ma'adinai. Ma'adinan da ake sakawa a maganaɗisun wayoyi da motocin lantarki, mafi girman ma'ajiyarsu tana Bayan Obo a ƙasar Sin, kuma tana da alaƙa da kabonatait, haka ma ta Mountain Pass a Amurka. A Palabora ta Afirka ta Kudu ana haƙo jan ƙarfe da fosfet na takin zamani, yayin da Araxá ta Brazil ke samar da mafi yawan niyobiyom da duniya ke amfani da shi wajen ƙarfafa ƙarfe.