Neman Aiki a Tsallaken Gada: Abin da Waya Ke Faɗa a Kan Mai Ita

Dattawan Kakuri da Makera a Kaduna ba su manta zamanin da neman aiki yake nufin yin sammako zuwa bakin ƙofar masaƙa ba. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, masaƙun UNTL da Arewa suka biyo baya, kamfanin Peugeot kuma ya soma haɗa motoci a 1975. Mutum zai zo da takardunsa a ambulan, amma abin da ya fi su nauyi shi ne samun wani na ciki da zai tsaya masa, ya ce ya san halinsa, ya kuma san hannunsa. KTL ta rufe a 2002, sauran masaƙun ma suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya.

Har yanzu mai ɗaukar aiki yana neman wannan shaida, sai dai yau a waya yake fara nemanta. Mai makaranta a Barnawa ko mai otal a Narayi, in takardar matashi ta iso gabansa, ba ya rasa minti biyun da zai rubuta sunan a Facebook ya ga wane ne.

To, me zai tarar? Sau da yawa laƙabi ne maimakon suna, hoton mota ko na ɗan ƙwallo a madadin fuska, sai kuma saƙon da ya cika zaurukan WhatsApp na unguwanni: "Don Allah a taimaka mini da aiki, ko wane iri ne." Tausayi yake jawowa, ana amsa masa da "Allah ya kawo mafita", amma bai faɗa wa kowa abin da marubucinsa ya iya ba. A kwatanta shi da mai haɗa sola da ya ɗauki ɗan bidiyo bayan ya gama aiki a wani gida a Sabon Tasha. Ga batura a jere, ga wayoyi an ɗaure su tsaf a jikin bango, ga firji ya tashi alhali babu wutar NEPA, sannan ya rubuta yawan faifan da ya ɗora da lambar da za a same shi. Bai roƙi kowa ba. Maƙwabcin da janareto ya cinye wa aljihu shi zai nemo shi. Haka tela, haka mai girkin biki, haka malamar da ke koyar da lissafi: aikin da aka gama shi ne ya kamata ya cika shafin.

Masu neman aikin ofis kuwa, LinkedIn ne kasuwarsu. An buɗe shi a 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016, kuma ma'aikatan da ke tace masu neman aiki a bankuna da ƙungiyoyin agaji suna bincike a cikinsa da sunan sana'a da na gari. Wanda ya rubuta "akanta, Kaduna" a ƙarƙashin sunansa zai fito a binciken. Wanda ya rubuta "mai neman dama" ba zai fito ba. A shekarar 2016 ɗin ce kuma Sanusi Ismaila ya buɗe cibiyar CoLab a Barnawa, inda matasa ke koyon rubuta manhajar kwamfuta. Daga baya shirin Click-On Kaduna, wanda gwamnatin jiha ta gudanar da tallafin Bankin Duniya, ya koya wa matasa neman kwangila a dandalin Upwork. A irin wannan kasuwa mai ba da aikin yana iya zama a Turai ko Amurka, bai san gidan kowa ba, samfurin aiki da yabon waɗanda aka yi wa aiki a baya kawai yake gani.

Akwai wani abu da ya shafi Kaduna musamman. Tun rikicin addini na 2000 da na 2002 kogin Kaduna ya raba mazaunin jama'a, amma bai raba kasuwar aiki ba. Ana tsallaka gada kullum ta kowane ɓangare. Zagin addini ko ƙabila da aka rubuta cikin fushi lokacin zaɓe yana nan zaune a shafi, kuma mai yiwuwa wanda zai karanta shi gobe shi ne wanda aka zaga. Ba zai kira ya faɗi dalili ba, shiru kawai za a ji.

Sai 'yan damfara, waɗanda suka fi kowa sanin ƙishin masu neman aiki. Tallarsu takan zo da tambarin NNPC ko na Kwastam, da albashi mai tsoka, da gargaɗin cewa gobe za a rufe, daga ƙarshe a nemi kuɗin fom ko lambar BVN. Wasu ma su kira mutum ganawa a wani lungun da babu ko allon kamfani. Hukumomin gwamnatin tarayya suna sanar da ɗaukar aiki ne a jaridu da shafukansu na intanet, waɗanda galibi adireshinsu ke ƙarewa da gov.ng. Idan kuwa kamfanin a Kudenda ko Kakuri aka ce yake, kuɗin Keke Napep ya isa a je a tambayi maigadi ko da gaske ana ɗaukar ma'aikata kafin a tura wa kowa ko sisi.