A Kan Gwiwa: Naƙuda da Haihuwa Yadda Uwaye Ke Tuna Su

Naƙuda ita ce murɗawar da mahaifa ke yi domin ta buɗe bakinta ta turo jariri waje. Likitoci na lissafa ciki a kan mako 40, wato kwana 280 daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe, kuma yawancin mata kan haihu tsakanin mako 37 da 42. A gida kuwa da wata ake lissafi. Shi ya sa idan uwa za ta ba da labarin haihuwarta ba kasafai take kawo kwanan wata ba, sai dai ta ce da azumi ne, ko da kaka, ko daren da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.

A ƙasar Hausa labarin haihuwar fari yakan faro ne daga goyon ciki. Idan ciki ya kai wata bakwai, dangi kan ɗauko yarinya daga ɗakin mijinta su mayar da ita gaban iyayenta, ta zauna har ta haihu ta gama wanka. A nan ake hana ta shan zuma da rake da sukari, a riƙa ba ta jiƙe-jiƙen da ake kira maganin zaƙi, saboda imanin cewa zaƙi na tare hanya ya tsawaita naƙuda. Abin da tsofaffi ke kira zaƙi, a wurin likitoci majina ce mai kauri da ke toshe bakin mahaifa tsawon watannin ciki, kuma fitowarta alama ce cewa haihuwa ta matso. Ba sukari ne ke kawo ta ba. Jiƙe-jiƙen ma ba duka ne aka san ƙarfinsu ba, kuma duk abin da zai sa mahaifa ta murɗa fiye da ƙima haɗari ne ga uwa da ɗa.

Naƙudar gaskiya tana farawa da ciwon mara da baya wanda ke zuwa ya lafa, sannan ya dawo da ƙarfi, tazarar kuma tana raguwa. Wata faya kan fashe mata tun farko, wata sai daf da fitowar kai. Wannan matakin shi ne mafi tsawo, domin sai bakin mahaifa ya buɗe santimita 10, kuma a haihuwar fari yana iya cin awa 12 ko fiye.

A daidai nan ne labarin mata Hausawa ya sha bamban da na wasu al'ummai. Abin da uwaye suka fi alfahari da shi ba saurin haihuwa ba ne, shirun da suka yi ne. Kunya ta hana mace ta ce tana naƙuda, balle ta yi kuka ko ta kira suna. Sai ta ci gaba da shara da daka da ɗora tukunya, tana cije leɓe, idan abin ya motsa ta dafa turmi har ya lafa. Wadda ta yi raki kuwa, musamman a gaban kishiya ko dangin miji, ta samu abin gorin da zai bi ta shekara da shekaru. Akwai abin amfani a cikin wannan juriya, domin zirga-zirga na taimaka wa kan jariri ya gangaro. Illarta ita ce babu wanda ya san lokacin da naƙudar ta fara, saboda haka babu wanda zai iya cewa ta yi tsawo.

Idan abin ya kankama sai a ce tana kan gwiwa, domin a durƙushe ake haihuwa. Akan karɓo mata rubutu wurin malam, wata ta ci dabino tana tuna ƙissar Nana Maryamu da gindin dabino. Sau da yawa ita kaɗai ce a ɗaki, mahaifiyarta ma kan kauce saboda alkunya. Abin da mutane da dama ba su lura da shi ba shi ne, a al'adance ungozoma ba ta cika karɓar haihuwa ba. Akan kira ta ne bayan an ji kukan jariri, ta zo ta yanke cibiya, ta wanke ɗa, ta gyara wuri. Wannan sabo da durƙuso da kaɗaici ne ya sa mata da yawa ke ƙorafi a kan asibiti, inda ake kwantar da su rigingine a gaban baƙin ido, wani lokaci har da tsawa. Ƙorafin nasu yana da hujja. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2018, ta ce a bar mace ta zaɓi yadda za ta haihu, ko a tsugune ko a durƙushe, a kuma bar ta da wanda take so ya zauna kusa da ita.

Fitowar jariri ba ita ce ƙarshen aiki ba. Ba a cewa ta sauka lafiya sai mabiyiya, wadda ake kira uwa, ta faɗo. Idan ta yi gardama, akan turara barkono don mai haihuwa ta yi atishawa, ko a zura mata muciya a baki ta yi yunƙurin amai. Bayan ta fito a wanke ta a binne a cikin gida. A asibiti ana sa ran fitowarta cikin minti 30, kuma wannan ɗan lokaci ne mafi haɗari, domin zubar jini bayan haihuwa na kan gaba a cikin abubuwan da ke kashe mata. Jinin da ya wuce rabin lita ya yi yawa. Allurar oksitosin, ko ƙwayar misofrostol inda babu allurar, na sa mahaifa ta tsuke jinin ya tsaya.

Akwai kuma uwayen da labarinsu bai ƙare da guɗa ba. Idan ƙugu ya yi wa kan jariri kaɗan, ko ɗa ya zo a gicciye, naƙuda kan kwana biyu ko uku ba a haihu ba. Kan jaririn na danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu, ya bar hujin da ke jawo yoyon fitsari, ɗan kuma galibi ba ya zuwa da rai. Yankan gishiri da ake yi da reza don buɗe hanya shi ma yana huda mafitsarar. Binciken da Farfesa Kelsey Harrison ya wallafa a 1985 kan haihuwa 22,774 a asibiti a Zariya ya nuna cewa mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su je awo ba, waɗanda aka kawo bayan abu ya ɓaci. Asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru yana ɗinki tun cikin shekarun 1980, ya karɓi dubban irin waɗannan mata. Jijjiga ma haka: hawan jini ne ke kawo ta, amma sau da yawa sai a ce iska ce, a ɓata awanni ana turare.

Ga wadda ta sauka lafiya, sai jego. Ana dafa ruwa a babbar tukunya, ta yi wanka safe da yamma tana fyaɗa shi da ganyen darbejiya ko runhu, ta sha kunun kanwa, ta ci gasasshen nama da yaji, har kwana arba'in. Mata na tuna wannan lokaci da daɗi, don shi ne hutun da ba su samun irinsa: ana girka musu, 'yan barka na shigowa da "Allah Ya raya", ranar suna ta zo a yanka rago. Sai dai tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da yawan kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta a ƙasa. Ruwa mai ɗumi ya wadatar. Dakashi kuma, wato nonon farko mai launin rawaya da wasu ke matsewa su zubar, shi ne rigakafin farko na jariri, kuma ana so a sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya gano cewa kashi 39 cikin ɗari na haihuwa ne kawai ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16. Wato har yanzu ɗaki ne wurin haihuwar mafi yawan mata, kuma hukuncin fita da mace yana hannun maigida. Ya kamata ya bar izini da kuɗin mota tun ciki na wata bakwai. Naƙudar da ta wuce awa 12, zubar jini, ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, zazzaɓi, ko fitowar hannu ko cibiya kafin kai, duk ba a jiran kowa a kansu: a tafi asibiti.