Olsa da iskar da ke shiga jijiyar hanta

Kusan duk ƙungiyar adashen da nake zagayawa a Gidan Dare akwai mai olsa a ciki. In ba ita ba, to mijinta ko uwarta. Mun saba da kalmar har ta daina ba mu tsoro. Sai ki ji mace ta dafe ƙirji tana cewa, "Ba komi Malama, olsa ta, in na sha kunu shi ke nan." Olsa kuwa gyambo ne, rauni ne a bangon tumbi ko farkon ƙaramin hanji. Akwai wani abu da wannan rauni kan jawo wanda ba a cika jin labarinsa ba.

Duk jinin da ya kwaso abinci daga tumbi da hanji ba ya wucewa zuciya kai tsaye. Yana taruwa a wata babbar jijiya, likitoci na ce mata fotal, ita ke kai shi hanta a tace. Jini kaɗai ya kamata ya bi wannan hanya. To amma in bangon tumbi ya ci rauni mai zurfi, ƙananan jijiyoyin wurin suna buɗewa. In kuma aka samu tumbin ya cika da iska ya kumbura, ko mutum na ta yunƙurin amai, matsin sai ya tura iskar ta cikin raunin, ta bi jini har hanta. Wani lokaci ƙwayoyin cuta masu yin iska ne ke kutsawa ta nan.

Kada a haɗa wannan da kumburin ciki na wake ko gyatsa. Waccan iskar tana cikin hanji, za ta fita. Wannan a cikin jijiya take, kuma mai ita ba ta jin ta, ciwon da ya kawo ta kawai take ji. Sai an yi sikanin, musamman hoton CT irin wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, sannan a gan ta kamar rassan itace sun bazu zuwa gefen hanta.

An fara bayanin abin a 1955, a jikin jarirai masu ciwon hanji mai tsanani. A 1978 wasu likitoci a Amurka suka tattara labarin mutum 64 da aka gani da shi, kashi 75 cikin 100 sun rasu. Shi ya sa a da, in likita ya ga wannan hoton sai ɗakin tiyata. A 2001 likitocin Japan suka sake dubawa a kan mutum 182, mace-macen sun sauko kashi 39. Dalili shi ne na'urori sun ƙara kyau, ana ganin iskar tun tana kaɗan, aka kuma gane cewa abin da ya kawo ta shi ke kisa. Mafi yawa, kuma mafi muni, shi ne hanjin da jini ya daina isa gare shi har ya fara ruɓewa. Olsa kuwa kusan mutum 4 ne cikin 100. In olsa ce sanadi kuma ba ta huda tumbin ba, sau da yawa ba a yin aiki. A hana ci da sha na ɗan lokaci, a sa roba ta hanci a zuƙe abin da ke tumbi, a yi ƙarin ruwa, a ba da maganin rage tsamin ciki da na ƙwayoyin cuta, iskar ta ɓace da kanta. Amma fa bambance wannan da wancan aikin likita ne da na'ura, a ranar. Mai kemis ba zai iya ba, balle mu.

Mi ke kawo olsar tun farko? Mu dai yunwa muke ɗora wa laifi, da yaji. Suna tayar da ciwon, gaskiya, amma manyan dalilai biyu ne. Na ɗaya wata ƙwayar cuta ce, H. pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostireliya a 1982, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ana gwajinta, ana kuma kashe ta da haɗin magunguna na kamar mako biyu, in an sha duka ba a tsaya rabi ba. Na biyu shi ne wanda ya fi damuna: maganin ciwon jiki. Diclofenac, ibuprofen, piroxicam, asfirin. Mace ta wuni tana daka ko suyar awara, da dare ta aika yaro kemis a haɗo mata "na gajiya", ta watsa a ciki ba abinci. Waɗannan suna cinye kariyar bangon tumbi. Ita kuma kanwa da ake jiƙawa a sha, tana kwantar da zafin na ɗan lokaci, sai dai in ta haɗu da tsamin ciki iska take yi, ta ƙara kumbura tumbin da ke da rauni.

Mai olsa in ta yi aman jini, ko bayan gidanta ya koma baƙi kamar kwalta, ko ciwo ya soke ta farat ɗaya ciki ya yi tauri kamar katako, ko amai ya ƙi tsayawa ciki na ƙara kumbura, ko jiri da zufa mai sanyi suka kama ta, kada a ba ta kunu ko madara ko jiƙo. A kai ta sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa ko Asibitin Ƙwararru, ko da tsakar dare ne. A tafi da kwalin duk maganin da take sha.

Nan ne maganar ta shafi akwatinmu. Tsarin da muke bi ya samo asali daga Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, kuma a cikinsa akwai asusun taimako ban da na rance. Matsalar ita ce akwati makulli uku gare shi, ba a buɗe shi sai ranar zama. Ciki kuwa in ya tashi daren Talata ba zai jira Asabar ba. Shawarata, kowace ƙungiya ta rubuta a dokarta cewa in ɗaya daga alamun nan ta bayyana, shugaba da ma'aji da masu makulli za su iya haɗuwa su fitar da kuɗin keke napep, kati da hoto nan take. A rubuta adadin a littafi, mutum biyu su sa hannu, a karanta wa kowa a zama na gaba.