Makana, Ɗan Sandan da Ya Rasa Ƙasarsa

Muna rubuto muku ne daga Gedambaliya, kusa da Gadarif a gabashin Sudan, ƙasar dawa da riɗi, inda idan aka gama girbi mutum yakan sami sararin riƙe littafi. A wannan karo muna so mu yi magana a kan wasu ƙagaggun labarai na binciken laifi guda shida, da kuma tambayar da wani magidanci ya yi mana da ya gan su a hannunmu: shin ya dace irin waɗannan littattafai su shiga gidan Musulmi?

Marubucinsu shi ne Jamal Mahjub, wanda aka haifa a Landan a 1960, mahaifinsa ɗan Sudan, mahaifiyarsa Baturiyar Ingila. A Hartum ya tashi, ya yi karatu a makarantar Komboni. Ya daɗe da yin suna da littattafai irin su In the Hour of Signs na 1996, wanda ya gina a kan zamanin Mahadi, kafin ya ɗauki laƙabin Parker Bilal ya shiga fagen labaran bincike. Littafin farko, The Golden Scales, ya fito a 2012, na shida kuwa, Dark Water, a 2017. Da Ingilishi ya rubuta su, mu ma da shi muka karanta, ƙamus na gefe. 'Yan'uwanmu na Nijar masu jin Faransanci za su sami na farko da sunan Les Écailles d'or, na biyu kuma Meurtres rituels à Imbaba.

Gwarzon labaran sunansa Makana. Sufeton 'yan sanda ne a Hartum, har zuwa lokacin da juyin mulkin 30 ga Yuni 1989 ya sauya ma'anar aikinsa: ya ga ana kashe mutane, kuma ana so ya daina tambayar wanda ya kashe su. Ya ƙi. A wajen gudu ya rasa matarsa Muna da 'yarsa Nasra, ya isa Alƙahira shi kaɗai, ya kama hayar wani ruɓaɓɓen gidan katako da ke yawo a kan kogin Nilu, irin wanda Misirawa ke kira awwama, a wajen wata baiwar Allah Ummu Ali. Daga nan yake fita neman abin sawa a baki ta hanyar binciko wa mutane waɗanda suka ɓace. Ba shi da kaki, ba shi da gwamnati a bayansa, kuma duk ofishin da ya shiga sai an tuna masa cewa shi baƙo ne.

Abin da ya sa muke kiran su labaran tarihi shi ne, marubucin ya kafa kowane littafi a wata shekara da ta wuce, ya jingina shi da abin da ya faru da gaske. Na farko a 1998 yake, inda wani hamshaƙin attajiri ya ɗauki Makana ya nemo masa ɗan ƙwallon ƙungiyarsa da ya yi ɓatan dabo. Na biyu a 2001, ana tsintar gawarwakin yara a unguwar Imbaba, jita-jita kuma tana ɗora laifin a kan Kiristoci Ƙibɗawa. The Burning Gates yana cikin 2004, lokacin da Amurka ke mamaye da Iraƙi. Amma wanda ya hana mu barci shi ne City of Jackals, domin ya faɗo a Disamba 2005, sa'ad da 'yan gudun hijirar Sudan suka shafe wata uku suna zaman dirshan a dandalin Mustafa Mahmud, kusa da ofishin hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A ranar 30 ga watan 'yan sandan Masar suka tarwatsa su, mutum sama da 20 suka rasu, har da ƙananan yara. Yaranmu da aka haifa bayan haka ba su taɓa jin wannan labari a makaranta ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023, Gadarif ta cika da waɗanda suka baro gidajensu, wasu kuma suka nufi wannan Alƙahirar da Makana ya sha wuya a cikinta.

To, mu koma ga tambayar magidanci. Amsarmu ta fara ne daga zauren mahaifinmu, inda muka fara jin ƙissar Annabi Yusufu, Alaihis Salam. Sau biyu riga ta zama hujja a kan masu ƙarya: wadda 'yan'uwansa suka shafa wa jinin da ba nasa ba, da wadda aka yage ta baya, har wani daga dangin matar ya gane mai gaskiya ta hanyar duba inda yagewar take. Malamai sun kafa hujja da wannan a kan aiki da alamu wajen shari'a. Ibnul Ƙayyim ya yi dogon bayani a kai cikin Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya, kuma labaran basirar Alƙali Iyasu ɗan Mu'awiya na Basra sanannu ne ga ɗaliban ilmi. Saboda haka bin diddigin magana kafin a yanke hukunci ba baƙon abu ba ne da Turawa suka kawo mana. Mu da muka yi firamare a Sudan ma mun taso da ƙananan littattafan algaz na Mahmud Salim, na yaran nan biyar masu warware asiri, muna ɓoye su a cikin littafin lissafi.

Littafin Imbaba ne ya fi taɓa mu ta wannan fuska. Kafin a san wanda ya yi kisan, unguwa ta riga ta yanke hukunci a kan wata al'umma sukutum, kuma akwai masu cin riba da hakan. Bahaushen Sudan ba ya bukatar a fassara masa wannan. A Oktoba 2008 wata jarida ta Hartum ta buga maganar da aka jingina wa shugaban ƙasa na lokacin cewa Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne. Hukuma ta musanta, amma kafin ƙura ta lafa an yi asarar rayuka a Gadarif. Alhali kakanninmu sun zauna a wannan ƙasa tun zamanin da ake tafiya Makka a ƙasa, wasu kuma sun biyo hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903. Wanda aka taɓa yanke wa hukunci da sunan ƙabilarsa, shi ya fi cancanta ya koya wa 'ya'yansa tambayar da Makana ke yi kullum: wa ya gani da idonsa, kuma wa zai amfana idan aka yarda?

Sai dai ba za mu ɓoye aibin littattafan ba. Makana ba mutumin masallaci ba ne, shakku ya yi masa yawa, taba kuma ba ta barin bakinsa. Akwai giya, akwai bayanin kisa da azabtarwa wanda zai tayar da hankalin yaro. Abin da ya fi damun mu shi ne, galibin masu magana da sunan addini a cikinsu ko dai mayaudara ne ko masu tsanani, da wuya ka haɗu da irin limamin ƙauyen da muka sani, wanda ke sasanta manomi da makiyayi ba a biya shi ko sisi ba. Mun fahimci inda ciwon marubucin ya samo asali, domin iyayensa ma sun bar Sudan zuwa Alƙahira bayan 1989, amma hoton bai cika ba.

Don haka abin da muka gaya wa magidancin shi ne, ya fara karantawa da kansa, kada ya miƙa wa ɗan firamare. Idan yana da saurayi ko budurwa da suka kai ƙarshen sakandare, su karanta tare babi-babi, ya riƙa tsayar da su yana tambayar wa suke zargi kuma da wace hujja. Ya karɓi The Golden Scales ya tafi da shi, da alƙawarin zai dawo mana da shi kafin a fara sharar gona.