Ɓarawon da Bai Taɓa Kwaɗo Ba

Wata ranar Litinin a watan Nuwamba na 2024 kawuna ya dawo Miga daga Dutse. Bai yi wa kowa sallama ba. Ya zauna a zaure, ya tuɓe hula ya ɗora a gwiwa, ya ce: "An yi mini sata."

Kowa a gidan ya san kuɗin da yake nufi. Tun kakar 2021 yake tara na injin ban ruwa, don ya daina haya idan ya sauka fadama noman rani. Kuɗin suna cikin wani akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana, mabuɗin kuma a wuyansa yake kwana. Ranar da ya fara tarin, sai da ya tambayo farashin injin, ya karta adadin da ƙusa a cikin murfi. Shekara uku yana bin wannan lamba, kuma a makon nan ya cim mata.

Na ce: "Kawu, a mota aka yanke muku aljihu?"

Sai ya zaro ƙunshin daga cikin 'yar shara ya dire a gabana. Na ƙirga, na sake ƙirgawa da yawu a yatsa. Ko Naira ɗaya ba ta yi ciwon kai ba. To me aka sace?

Na ɗaura ɗamarar bincike. Zargina na farko ya faɗa kan autansa, wanda ya sayi sabuwar waya bayan Sallah. Wataƙila ya zare na gaske ya cusa jabu. Muka ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya a hasken rana, duk lafiyayyu. Wayar ma ashe da kuɗin kamun kifi ya saya. Na ba yaro haƙuri a zuci.

Sai na tuna canjin kuɗi. A Oktoba 2022 Babban Banki, zamanin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya takardun 200 da 500 da 1,000, mutanen karkara suka sha layi da rana. Ko tsofaffin takardu ne aka ƙi karɓa a Dutse? A'a. Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da amfani da su, kuma har yau suna yawo a kasuwa. Ambaliyar 2022 fa, wadda ta cinye gonaki a Miga da maƙwabtanta? Ta ci masa shinkafa, gaskiya ne, amma akwatin yana rataye a sama, ko danshi bai ji ba.

Saura mutum ɗaya. Ban so in ambace ta ba.

Inna, uwargidansa. A 2021 akuya ɗaya gare ta. Yanzu turken bayan ɗakinta har ya yi mata kaɗan, ga buhunan shanshera jingine a lungu. Mace ba albashi, ba gona tata. Daga ina? Na shiga da sanɗa, kamar mai neman ruwan sha. Tana tankaɗe. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Ɗan nan, ni ka zo tuhuma?"

Na yi tsuru.

"Je ka tambaye shi abin da mai shago ya ce masa."

Na koma zaure. Kawu ya daɗe yana murza hula. Can ya ce mai shagon bai ko ƙirga kuɗin ba. Ya dubi lambar da Kawu ya kwafo a takarda, ya yi dariya, ya ce: "Baba, wannan ai farashin da ne. Yanzu ko rabin inji ba zai ba ka ba."

Nan na kama ɓarawon. Bai shiga akwati ba, don ba ya bukata. Injin daga Sin ake shigo da shi, da dala ake biya. Lokacin da Kawu ya karta lambarsa, dala a farashin gwamnati ba ta fi Naira 410 da 'yan kai ba. A Yuni 2023 aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, ranar da ya je Dutse kuwa dala ta haura 1,600. Ga cire tallafin man fetur na 29 ga Mayu 2023, wanda ya hau kan kuɗin dakon kowane kaya. A ƙarshen 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar kaya ta wuce kashi 34 cikin 100 a shekara. Takardu suna kwance cif-cif, ana ta zuƙe musu ƙarfi dare da rana.

Amma ɓarawon yana da ɗan rakiya a cikin gida, kuma Inna ce ta tona shi. Kawu da kaka yake sayar da shinkafarsa, lokacin da kowa ya kai tasa kasuwa farashi ya faɗi, don ɗokin ya ga kuɗi a akwati. Ita kuma a daidai lokacin take kwasar adashinta ta sayi shanshera. Wani buhun ma, ta hannun dillali, nasa ne! Ta ajiye sai damina ta yi nisa, ta turara, ta surfa, ta sayar kwano-kwano. Ribar ta koma akuya, akuya ta haifi tagwaye.

Ba na cewa hanyar Inna ba ta da ƙaya. Cuta tana share turke a mako guda, ƙwari suna cin buhu, ruwa yana rushe rumbu, kuma ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi tsabar kuɗi ake nema, ba ɗan akuya ba. Akwati yana da aikinsa: na asibiti da na ko-ta-kwana. Kuskuren Kawu shi ne ya ɗora masa buri na shekara uku, bai kuma sake leƙa shago ya ji farashi ba ko sau ɗaya.

Ranar Lahadi aka kai bunsuru biyu da akuya uku daga turken Inna kasuwar Gujungu, aka haɗa da buhu huɗu, aka cike giɓin. Injin yana fadama yanzu yana ta ɓaɓatu. Sai dai Inna ba kyauta ta bayar ba. A gabana ta sa aka rubuta cewa rabin injin nata ne, kuma duk wanda ya yi hayarsa, hannunta kuɗin zai fara biyowa.