Wane ne Bishop Matthew Hassan Kukah?

An haifi Matthew Hassan Kukah a shekarar 1952 a garin Anchuna, ƙaramar hukumar Zangon Kataf ta jihar Kaduna. Ya zama limamin cocin Katolika a 1976, daga baya ya yi digirin digirgir a Jami'ar Landan.

Sunansa ya ƙara fitowa a 1999, lokacin da ya shiga kwamitin Oputa da ya binciki take haƙƙin ɗan Adam a zamanin mulkin soja. A 2011 Paparoma Benedict XVI ya naɗa shi Bishop na Sakkwato.

Shi da Janar Abdulsalami Abubakar ne ginshiƙan Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa, mai sa 'yan takara rattaba hannu kan yarjejeniyar kauce wa rikicin zaɓe. An san shi da faɗa wa shugabanni gaskiya komai ɗacinta.